Man kifi na cikin kwalba: kallon kitse ake wa rogo

Ƴar ƙwaya ce mai santsi, mai launin zuma, wadda in ka ɗaga ta ga hasken rana sai ka rantse dutsen wuyan amarya ne. Jama'a na kiranta man kifi, ƴan boko kuma su ce omega 3. A da sai wanda ya dawo daga Turai ke zuwa da ita tsaraba, a miƙa wa tsoho da hannu biyu. Yau ta cika gari. Tana cikin farmasi, tana bisa tiren mai talla a tasha, tana cikin jakar abokin aikinka na biro da ya shiga kasuwancin nan na "kawo mutum uku, su ma kowa ya kawo uku", tana kuma yawo daga salula zuwa salula a WhatsApp, inda ake jera cututtukan da take kashewa kamar yadda mai magani ke yi ranar kasuwa: tansiyo, sukari, sanyin ƙashi, mantuwa, hazon ido, har da abin da ba a faɗi gaban surukai.

Ba talakan ƙauye ke sayenta ba, shi kuɗin tiyar hatsi ya dame shi. Masu sayenta su ne ku da ke karanta wannan jarida: Alhajin da ke da shago a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram, wanda ke wuni zaune yana lissafi, ma'aikacin da ya haura shekara 45, tumbi ya fito, likita ya ɗaura masa awo a damtse ya girgiza kai, Hajiyar da gwiwa ta fara yi wa gardama wajen tashi daga tabarma. Mutane ne masu ɗan abin hannu, sun ga yadda mutuwar ɓarin jiki ta kwantar da sa'o'insu, a shirye suke kuma su fidda jikkuna don su kauce mata. Saboda su muka ajiye siyasa gefe a wannan mako, ko da yake mai karatu zai gani kafin ya kai ƙarshe cewa siyasar ba ta yarda ta zauna inda aka ajiye ta ba.

Abin da muke cewa shi ne: ga mutumin da bai da ciwon zuciya, ƙwayar nan ba ta tsare zuciya yadda ake kururutawa, tana ƙara haɗarin wata cutar zuciya da masu talla ba su ambata, kuma a ƙasa irin tamu, mai zafi, mai nisa da teku, wadda ba a cika auna abin da ke shigo mata ba, haɗarin ya fi na can inda aka yi ta.

Labarin ya faro ne a 1970, sa'ad da wasu likitoci biyu ƴan ƙasar Danmak, Bang da Dyerberg, suka je tsibirin Girinlan, can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, suka ɗebi jinin mutanen wurin, wato Inuwit, waɗanda abincinsu kifi ne da kitsen dabbobin teku. Sun tarar da wani irin maiƙo da yawa cikin jininsu, sun kuma ji an ce mutanen ba su cika yin ciwon zuciya ba, sai suka ɗaura wannan ga wancan. Daga nan aka haifi kasuwa ta biliyoyin dalolin Amurka. Sai dai likitocin nan ba su auna zukatan mutanen da kansu ba. Sun dogara ne ga rahotannin hukuma da takardun asibiti, a ƙasar da mutane da yawa ke mutuwa nesa da kowane likita. Duk wanda ya san yadda ake rasuwa a rugage da ƙauyukanmu, a yi jana'iza ba takarda ba tambaya, ya san darajar irin wannan lissafi. A 2014 wasu masana a Kanada suka sake bin takardun, suka tarar cewa ciwon jijiyoyin zuciya bai fi ƙaranci ga Inuwit ba bisa ga Turawa, mutuwar ɓarin jiki ma ta fi kashe su. A 2015 kuma wani bincike ya nuna cewa, bayan dubban shekaru suna cin kitse, halittar jikinsu ta saba sarrafa shi ta wata hanya tasu. Bahaushen Tawa mai cin tuwo da fura bai gaji wannan ba.

Don mu yi adalci, an taɓa samun hujja mai ƙarfi. A 1999 wani gwaji da aka yi a Italiya mai suna GISSI, kan mutum 11,324 waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa, ya nuna cewa giram 1 na man kifi a rana ya rage mace-mace. Shekaru da dama likitocin Turai suna rubuta shi a ordonansi saboda wannan gwaji. Amma da magungunan zuciya suka inganta, aka kuma sake gwadawa da tsari mafi tsanani, inda ba majiyyaci ba likita ba wanda ya san wa ke shan man gaske wa ke shan ƙwayar holoƙo, sai amfanin ya dinga narkewa kamar man shanu a rana. A 2018 aka fitar da sakamakon gwajin ASCEND a Ingila: masu ciwon sukari 15,480, an bi su fiye da shekara 7, ba a ga bambanci ba. A wannan shekarar gwajin VITAL a Amurka, mai mutum 25,871, bai ga raguwar manyan cututtukan zuciya a dunƙule ba, bai ga raguwar ciwon daji ba. An ga wata alamar amfani ga baƙar fatar Amurka da waɗanda ba su cika cin kifi ba, amma masu gwajin da kansu sun ce alama ce da ke jiran a tabbatar. Har ila yau a 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace gwaje-gwajen likitanci, ta tattara gwaji 79 masu mutum fiye da 112,000, ta ce amfanin kaɗan ne ko babu. A ƙarshen shekarar hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yanke cewa giram 1 a rana ba ya hana jijiyar zuciya sake toshewa, ta kuma tabbatar da hukuncin a 2019. Wato can inda ake cika kwalbar an janye alkawarin tun tuni, a nan kuwa ana ci gaba da sayar mana da shi.

Da asarar kuɗi ce kawai da mun yi shiru, domin kowa da inda yake zubar da nasa. Amma cikin waɗannan gwaje-gwaje wani abu ya dinga leƙowa wanda ba shi ake nema ba.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Na sama su matsa su tura jini ƙasa, na ƙasa su harba shi cikin jiki, bugu bayan bugu kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya. Akwai cutar da ke sa ɗakunan sama su daina matsawa su koma karkarwa. Likitocinmu na kiranta fibirilasiyo da Faransanci, mu kuma bari mu ce karkarwar zuciya. In ta samu, jini yakan kwanta a lungun ɗakin, ya daskare ya yi guda, ran da gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe wani wuri a ƙwaƙwalwa, shi ke nan baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki. Mai karkarwar zuciya ya fi wanda ba ya da ita shiga haɗarin mutuwar ɓarin jiki kusan sau 5. To, ga abin da aka gani. A gwajin REDUCE-IT na 2018, inda aka ba da giram 4 a rana, mutum 31 cikin 1,000 aka kwantar asibiti saboda wannan cuta, alhali cikin waɗanda ba su sha ba 21 ne. A gwajin STRENGTH na 2020, mai mutum 13,078, wanda aka tsayar kafin lokacinsa don an ga ba ya da amfani, 22 ne cikin 1,000 a kan 13. A gwajin OMEMI na ƙasar Noruwe, shi ma a 2020, kan tsofaffi ƴan shekara 70 zuwa 82, lissafin ya kama 72 cikin 1,000 a kan 40. A 2021 aka haɗa manyan gwaji 7 masu mutum 81,210, aka tarar haɗarin ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a dunƙule: kashi 12 ga mai shan giram 1 ko ƙasa da haka, kashi 49 ga mai shan fiye da giram 1. A 2023 hukumar magunguna ta Turai ta umarci a rubuta karkarwar zuciya cikin illolin da aka saba gani a takardar da ke cikin kwalin irin waɗannan magunguna. A 2024 kuma wata bibiya da aka yi wa mutum fiye da 415,000 a Birtaniya ta nuna cewa masu lafiyar zuciya da ke shan man kifi a kai a kai sun fi sauran samun karkarwar da kashi 13 cikin 100, mutuwar ɓarin jiki kuma da kashi 5. Bibiya ba gwaji ba ce, ba ta isa hujja ita kaɗai ba, amma sawunta ya bi na gwaje-gwajen.

Kada mai karatu ya firgita fiye da kima. Ƙarin kashi 25 na nufin inda da mutum 4 za su kamu, yanzu 5 ne. Galibin masu sha ba abin da zai same su. Amma a tambayi kai: don me za a ɗauki ko da ƙaramin haɗari saboda abin da amfaninsa bai tabbata ba? Kuma su wa cutar ta fi kamawa tun asali? Masu hawan jini, masu sukari, masu ƙiba, masu shekaru. Su ne dai mutanen da mai talla ke nema da fitila. Mutum ya saya don gudun mutuwar ɓarin jiki, ya ƙara buɗe mata ƙofa: garin neman gira ke nan a rasa ido.

A Turai wanda zuciyarsa ta fara tsalle, cikin kwana kaɗan an sa masa na'urar awon bugawar zuciya, an ba shi maganin tsinka jini. A nan fa? Alamominta su ne faɗuwar gaba, haki, jiri da kasala, wani ma ba ya jin komai. Mu kuwa faɗuwar gaba mun riga mun yi mata fassara: ko bashi ne, ko kishiya, ko iska, ko an yi wa mutum jifa. Kafin a tuna da likita an sha rubutu an yi hayaƙi wata uku. Likitocin zuciya kuma galibinsu suna Yamai, maganin tsinka jini mai araha yana bukatar awon jini a kai a kai, sabon kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci da yawa. Illar da ake ɗauka ƙarama a Paris, a Dakwaro ko Gure tana iya zama ajali.

Akwai kuma halinmu na cewa in ɗaya ta yi amfani, biyu sun fi. Wanda ke sayarwa don ya ci riba bisa kowace kwalba ba zai ce maka ka rage ba. Ƙwayar da aka rubuta wa miligiram 1,000 sau da yawa omega 3 ɗin da ke cikinta, wato EPA da DHA, bai wuce miligiram 300 ba, sauran wasu maiƙo ne. Amma akwai masu ƙarfi da suka ninka haka sau biyu ko uku, kuma kwalaben kusan kamarsu ɗaya. Mutum na iya sauya kwalba ya ci gaba da shan uku-uku, bai san ya haura giram 2 ba. Haɗarin kuwa, kamar yadda alƙaluman sama suka nuna, yana hawa ne tare da yawan abin da aka sha. Man kifi mai yawa yana kuma ɗan rage daskarewar jini. Ga mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, amma mai shan asfirin kullum ko wani maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa aiki, dole likitansa ya sani. Sauran ƙananan illoli, irin su gyatsa mai ƙarni, ƙwannafi, tashin zuciya da zawo, masu sha sun san su, sai dai an gaya musu wai dattin ciki ne ke fita.

Ba mu ce man kifi ba ya da wurinsa a likitanci ba. Giram 4 a rana yana sauke wani maiƙon jini da ake kira tirigiliserid da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, likita kuma na iya rubuta shi don haka. A gwajin REDUCE-IT da muka ambata, wani tataccen nau'in EPA ya rage manyan cututtukan zuciya da kashi 25 cikin 100 ga mutum 8,179 da aka zaɓa, waɗanda tuni suna shan maganin kolesterol, ko da yake masana na gardama a kai har gobe, saboda man farafin da aka ba ɗaya ɓangaren ya ƙara musu kolesterol. Amma wannan magani ne na ordonansi, an auna jinin mai shansa, ana kuma sauraren zuciyarsa. Tsakaninsa da kwalbar da ke bisa tire a tasha akwai tafiyar raƙumi.

Wani abin da ake rikitawa shi ne man hantar kifi, wanda tsofaffin ƴan lakkal ke ba da labarin ɗacin ransu a kansa. Shi daban ne, domin hanta rumbun bitamin A ce. Babban cokali ɗaya na irin na gargajiya yana iya ɗauke da fiye da UI 13,000, wato ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalba, alhali ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce mace mai ciki kada ta wuce 10,000 a rana. Wani bincike na 1995 a Amurka kan mata masu ciki fiye da 22,000 ya nuna cewa wuce wannan iyaka a farkon ciki yana ƙara haɗarin haihuwar jariri da naƙasa. Maigidan da ya sayo wa amarya kwalba "don yaro ya yi ƙwaƙwalwa" ya duba da kyau wanne ya sayo. Bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara a baki duk wata shida ba shi muke nufi ba. Wannan aunanne ne, yana ceton rai da ido, kada a hana yara.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye, wanda kuma sun fi mu saninsa. Duk macen da ke sayar da man gyaɗa ta san mai yana tsufa: ya juya, ya yi wari, ya yi maƙaƙi a wuya. Man kifi ya fi kowane man girki saurin juyawa, kuma maƙiyansa uku ne, iska da haske da zafi. A 2015 masana a Niyu Zilan suka sayi kala 32 daga kantunan ƙasarsu suka auna: 3 kacal ke ɗauke da yawan omega 3 da aka rubuta a jiki, fiye da kashi 80 cikin 100 kuma sun wuce iyakar lalacewa da aka shata. Kamfanoni sun musanta, sun kawo nasu awon. To, a bar su da gardamarsu. Wannan a ƙasa mai sanyi ke nan, mai tsauraran dokoki, wadda teku ya kewaye. Yawancin kwalaben an rubuta musu a ajiye ƙasa da digiri 25. Tamu kwalbar kuwa sai ta yi makonni cikin kwantena a bakin teku, ta hau kamiyo ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, tafiyar da ta ƙara tsawo a 2023 da aka rufe gadar Gaya kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, ta kwana a duwan, ta shiga mangaza mai rufin kwano a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, daga nan ta hau tire ta sha ranar tasha har a saya. Ko a farmasi mai na'urar sanyi, wa ya ƙidaya awoyin da wuta ta ɗauke? Abin da ya juya ya rasa wani ɓangare na omega 3 ɗin da aka biya kuɗinsa, ya kuma fi tayar da ciki. Ɓawon ƙwayar yana ɓoye warin, wasu kamfanoni kuma suna zuba ƙamshin lemo. Mai shakka ya sa reza ya tsaga ɗaya ya sunsuna, hancinsa zai gaya masa abin da takardar ba ta faɗa ba. Tun da mun ambaci ɓawo, a sani cewa galibi jelatin ne da ake yi daga fata da ƙashin dabba, saniya ko kifi ko alade, kuma ba kowace kwalba ke faɗin wanne ba ne.

Ta yaya abu irin wannan ke shiga kasuwa ba mai tambaya? A nan ne siyasar da muka ajiye ta dawo. A 1994 Amurka ta yi wata doka da ta ware abin da ake kira ƙarin abinci daga magani: mai yin sa ba ya bukatar ya nuna wa hukuma cewa yana aiki kafin ya sayar, sai dai in ya yi masa kirari ya rubuta a jiki cewa ba a yi shi don warkar da wata cuta ko hana ta ba. Wannan rubutu yana nan a kwalabe da yawa da ke kasuwanninmu, da ƙananan baƙaƙe, da Ingilishi, a ƙasar da mai karatu ke karanta Faransanci ko ajami. Kamfani ya wanke hannunsa a takarda, ya bar wa mai talla ya yi ƙaryar da baki. A wannan shekarar ta 1994, cikin watan Janairu, aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin maganin da ake shigo da shi ya yi tsalle, farmasin bisa tire ta samu gindin zama da har yau ba ta tashi ba. Mun san abin da sakaci da wannan fanni ke jawowa. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa kimanin mutum 60,000 a ƙasar nan allurar rigakafi ta jabu, OMS ta ƙiyasta rai 2,500 suka salwanta. A 2015 da 2017 da 2019 ta sake yin gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau a Nijar. In allurar rigakafi na iya zama ruwan banza, ina ga ƴar ƙwayar da doka ma ba ta ɗauka cikakken magani ba?

Kuma ba rashin takarda ke damunmu ba. Tun 2010 majalisar ministocin UEMOA ta amince da ƙa'idojin tantance irin wannan ƙarin abinci kafin a sa shi kasuwa a ƙasashen ƙungiyar. A Janairun 2020 Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a Lome kan yaƙi da jabun magani. Muna da ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX, a Yamai. Muna da sufetocin farmasi, muna da duwan a kowace ƙofa. Magabatanmu gwanaye ne wajen sa hannu da ɗaukar hoto. Abin da ya rage shi ne wani ya tashi daga kujera ya je kasuwa ya ɗauko kwalba goma ya auna, ya buga sakamakon inda kowa zai gani, ko da kwantenar ta wani babban mutum ce.

Amma haɗarin da ya fi tsorata mu ba cikin kwalbar yake ba, cikin abin da ake bari saboda ita yake. Binciken STEPS da aka yi a ƙasar nan a 2007 ya nuna fiye da mutum 1 cikin manya 5 yana da hawan jini. Maganinsa sananne ne, irin su amlodifin da kaftofiril, ba su da tsada, an kuma tabbatar suna hana mutuwar ɓarin jiki. Aibinsu ɗaya, ana shansu har ƙarshen rai, kuma ba mai son jin haka. Sai ga wani da kwat da jaka ya ce maka waɗannan "kimiyya" ce mai kashe ƙoda, nasa kuwa daga Allah yake, na halitta ne, wata uku ka rabu da tansiyo. Gaskiyar lissafi ita ce, ko mai hawan jini ya sha giram 3 na omega 3 a rana, abin da zai sauka bai kai rabin lamba ɗaya ba a awon da likitocinmu ke faɗa. Wanda ke 18 zai koma 17 da rabi, alhali ana so ya sauka ƙasa da 14. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ke kashe ƙodar da ake tsoratar da kai da ita. Wanda ya ce wa mai tansiyo ya ajiye ƙwayarsa don ya sayar masa da kwalba, a ganinmu, ba ciniki ya yi ba, kuma doka ta kamata ta kira abin da sunansa.

Akwai wani abin takaici da ba za mu wuce ba mu faɗa ba. Wani rahoto na ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets a 2021 ya ce a kowace shekara ana kwashe fiye da tan 500,000 na ƙananan kifaye daga gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, a niƙa su a mayar da su gari da mai, yawancinsu don ciyar da kifayen kiwo da dabbobi a Turai da Asiya, wani kuma ya shiga irin waɗannan ƙwayoyi. Kifin da rahoton ya ce zai isa abincin mutum miliyan 33. An ɗauke kifi daga tukunyar talakan Afirka, an matse, an dawo wa mai kuɗin Afirka da ɗigonsa a farashin zinari.

Shawarar da likitocin zuciya suka daɗe a kanta ita ce a ci kifin kansa sau biyu a mako. Giram 100 na sardin ɗin gwangwani yana ɗauke da kusan giram 1 na omega 3, wato abin da ke cikin ƙwaya uku na gama-gari, ga kuma ƙashi mai gina ƙashi. Mai tansiyo dai ya lura da gishirinsa. Kifin teku mai sanyi da ake sayarwa a kwali shi ma yana da maiƙon. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa na kogin Kwara, da na tafkin Madarumfa da Tabalak, da bandar tafkin Cadi, ba su kai na teku omega 3 ba, amma abinci ne na gaske, kuma kuɗin na shiga aljihun masuncinmu.

Ga ma'aikatar kiwon lafiya muna neman ta buga jerin ƙarin abincin da ta ba izini, ta tilasta a manna wa kowace kwalba takarda da Faransanci da Hausa da Zabarmanci mai faɗin yawan EPA da DHA, da gargaɗin karkarwar zuciya, da asalin ɓawon. Gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda muka yi gwagwarmayar samunsu tare bayan taron ƙasa na 1991, su daina sayar da rabin awa ga duk wanda ya zo da kuɗi ya ce yana warkar da sukari. Ƴancin faɗin albarkacin baki ba don wannan aka nema shi ba. Ƴan kasuwa masu shigo da kaya kuma, ba ma zarginku da mugun nufi, da yawanku ku ma kuna sha, kuna ba iyayenku. Amma wanda ba ya da wurin ajiya mai sanyi ya bar wannan haja ga mai shi, akwai shinkafa da atamfa da ba su tsoron rana.

Kai kuma mai karatu da kwalbar ke cikin aljihun teburinka yanzu, in likita ne ya rubuta maka, kada ka daina sai kun yi magana. In da kanka ka saya, ko aboki ya kawo maka, dainawa ba ta da wata illa. Ka sa yatsu biyu a wuyan hannunka ka saurari bugun minti ɗaya cur. In ka ji yana tafiya yana tuntuɓe, ko gabanka na faɗuwa ba dalili, ko hawan bene ɗaya na sa ka haki, ka je a yi maka awon zuciya cikin makon nan, ka kuma tafi da kwalbar a hannu don likita ya karanta abin da ke jikinta da idonsa.